EDWARD BURNE-JONES: MAI ZANEN DA YA SHEKARA 17 A KAN HOTON SARKI MAI BARCI

Zamanin Sarauniya Biktoriya, watau daga 1837 zuwa 1901, shi ne zamanin da ƙasar Ingila ta cika da hayaƙin masana'antu da ƙarar jirgin ƙasa. Masu zane da dama na wannan lokaci abin da idonsu ya gani shi suka riƙa zanawa, kamar tashar jirgi cike da fasinja, ko filin sukuwa ranar babban taro. Amma akwai wani guda da ya yi shekara arba'in yana riƙe da buroshi, in ka duba manyan zane-zanensa ba za ka ga inji ba, ba za ka ga bututun hayaƙi ba. Sai barade cikin sulke, da matsafa, da 'ya'yan sarakuna masu barci, duk daga tsofaffin hikayoyi. Sunansa Edward Burne-Jones. Abin mamaki kuwa, a tsakiyar hayaƙin nan aka haife shi, kuma kuɗin masu hayaƙin nan ne ya ciyad da shi har ya mutu.

An haife shi ran 28 ga watan Agusta, 1833, a birnin Birmingham, garin maƙera da masu narkar da ƙarfe. Ubansa talaka ne, sana'arsa yin firam na hoto da shafa masa ruwan zinariya. Uwarsa kuwa ko mako guda ba ta yi ba bayan haihuwarsa ta rasu. Wata mata mai suna Ann Sampson, wadda ke lura da gidan, ita ta raine shi. Yaron ya tashi shi kaɗai, ba wa ba ƙane, a gidan da baƙin ciki ya zauna. Da farko sunansa Edward Jones ne kawai, abokai su kan kira shi Ned. Daga baya ne ya liƙa Burne a jikin Jones, don masu sunan Jones a ƙasar sun yi yawa.

Da ya ke yaro ne mai ƙwaƙwalwa, aka sa shi makarantar Sarki Edward ta Birmingham cikin 1844. A farkon 1853 ya tafi Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford da niyyar ya zama limamin coci. Can ya gamu da wani saurayi ɗan masu kuɗi, gajere kakkaura mai saurin fushi, sunansa William Morris, shi ma aikin coci ya zo koyo. Halinsu ya sha bamban ƙwarai, amma abutar da suka ƙulla a wannan shekara mutuwa ce kaɗai ta raba ta, bayan shekara 43.

Samarin biyu suka ga karatun addini na Oxford bai kashe musu ƙishirwa ba. Suka koma karanta waƙoƙi da littattafan John Ruskin, wani malami da ke wa'azin cewa inji ya kashe daɗin aikin hannu, ya mai da ma'aikaci kamar ƙusa a jikin na'ura. Cikin 1855 Burne-Jones ya ci karo da wani littafi a kantin littattafai a Birmingham. Littafin nan shi ne Le Morte d'Arthur na Thomas Malory, wanda aka fara bugawa tun 1485. Ba shi da kuɗin saye, sai ya riƙa zuwa kantin kullum yana karanta kaɗan-kaɗan a tsaye, har Morris ya kawo masa ziyara ya sa hannu aljihu ya biya.

To, ya kamata mu faɗi abin da ke cikin littafin, don duk rayuwar mutumin nan a kansa ta rataya. Hikayar ta ce an yi wani sarki a Birtaniya sunansa Arthur, wanda matsafi Merlin ya tsaya wa har ya hau gadon sarauta. Ya tara jarumawa a wani zagayayyen tebur don kada wani ya ce ya fi wani. Suka yi yaƙe-yaƙe, suka taimaki marasa ƙarfi, suka fita neman wani tsattsarkan ƙoƙo da mai tsabtar zuciya kaɗai ke iya gani. Daga bisani cin amana ya shiga tsakaninsu. Babban jarumin sarki, Lancelot, ya nemi matar sarki, wani ɗan gida mai suna Mordred kuma ya yi tawaye. A yaƙin ƙarshe aka ji wa Arthur mummunan rauni, wasu sarauniyoyi suka ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa tsibirin Avalon. Mutane suka riƙa cewa bai mutu ba, barci ya ke yi, zai komo ranar da ƙasarsa ta shiga uku.

A wannan shekara ta 1855 abokan suka ƙetare zuwa arewacin Faransa don ganin manyan majami'u na da. A bakin tashar jirgin ruwa ta Le Havre, da dare, suka yanke shawara su bar zancen limanci. Morris zai koyi tsara gini, Burne-Jones zai zama mai zane. Wannan kasada ce babba, don a lokacin yana gab da cika shekara 22, kuma ban da ɗan ajin yamma da ya shiga a Birmingham bai yi wani karatun zane na kirki ba. Sa'o'insa masu wannan sana'a sun riga shi da shekara goma.

Cikin 1856 ya je Landan ya nemi Dante Gabriel Rossetti, mai zane kuma mawaƙi, ɗaya daga cikin samarin da suka kafa ƙungiyar Pre-Raphaelite a 1848. Manufar ƙungiyar ita ce a koma ga irin zanen da Italiyawa ke yi kafin zamanin Raphael, mai launi garau da kula da kowane ganye da kowane zare. Rossetti ya duba 'yan zane-zanensa ya ƙarfafa masa gwiwa. Shi ke nan, Burne-Jones ya bar Oxford ba tare da digiri ba, ya kama ɗaki a Landan, ya riƙa zama yana kallon hannun Rossetti. Iyakar makarantarsa ke nan.

Aikinsu na farko tare bai yi albarka ba. A 1857 Rossetti ya kwashi yaransa suka je zana labarin Arthur a bangon zauren muhawara na ɗaliban Oxford. Ba wanda ya san yadda a ke shirya bango a cikinsu. Suka shafa fenti a kan bulo mai danshi da aka yi wa farar ƙasa kawai, ga kuma hayaƙin fitilar gas. Kafin a je ko'ina zanen ya dushe.

Abin da ya riƙe shi a shekarun nan shi ne aikin tagogin coci. Shi zai zana hoton a takarda daidai girman tagar, masu sana'a su yanka gilashi mai launi bisa zanen, su ƙara masa inuwa da fenti, su gasa shi a wuta, sa'an nan su haɗa guntayen da dalma. Da Morris ya kafa kamfaninsa na kayan ado a 1861, Burne-Jones na cikin waɗanda aka kafa da su, kuma ya zama babban mai zana musu tagogi. Ya zana ɗaruruwa. Waɗanda suka fi suna su ne guda huɗu na majami'ar St Philip a garinsu Birmingham, waɗanda aka ciccire aka ɓoye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da haka suka tsira daga bom.

Ya yi aure cikin 1860. Matarsa Georgiana Macdonald 'yar wani fasto ce, kuma gidansu gida ne da tarihi bai manta da shi ba. 'Yar'uwarta Alice ita ta haifi marubuci Rudyard Kipling, Louisa kuwa ita ta haifi Stanley Baldwin wanda ya yi Firayim Ministan Birtaniya har sau uku. Georgiana ta haifa masa Philip a 1861, da Margaret a 1866. Tsakaninsu akwai wani ɗa da ya rasu yana jariri a 1864. A 1867 suka koma wani gida mai lambu da a ke kira The Grange a unguwar Fulham, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

A nan ne kuma ya yi abin da ya kusa rushe gidansa. Wata Bagirkiya mai suna Maria Zambaco, wadda ta rabu da mijinta a Paris, ta zo don ya zana ta. Sai soyayya ta shiga tsakaninsu. Aka daɗe ana wannan hali, har a watan Janairu na 1869, da ta ga ba zai bar matarsa ba, ta nemi faɗawa cikin wani magudanar ruwa a Landan. Ya riƙe ta suna kokawa har 'yan sanda suka zo. Zance ya bazu gari. Georgiana ta haɗiye abin, ta zauna a ɗakinta ta riƙe 'ya'yanta. Duk mai ba da labarin mutumin nan da adalci tilas ya ce ba shi ne jarumin wannan babi ba.

Bai tsaya nan ba. A 1870 ya kai wani zane wurin nunin Ƙungiyar Masu Zanen Launin Ruwa, wadda ya shiga tun 1864. Zanen na wata hikayar Girkawa ce, labarin Phyllis da saurayinta ya yi wa alkawari bai dawo ba, baƙin ciki ya kashe ta aka mai da ita itaciya. Da ya dawo ya rungumi itaciyar, sai ta fito daga cikin kututturen ta kama shi. Matsalar ita ce namijin tsirara ya ke, fuskar macen kuwa kowa ya gane ta Maria ce. Aka yi ta gunaguni. Shugabannin ƙungiya suka roƙe shi ya rufe tsiraicin, ya ƙi, ya sauke zanensa, ya fita daga ƙungiyar.

Daga nan ya yi shekara bakwai kusan ba a ganin aikinsa a bainar jama'a. Wani mai zanen da yunwa ta kashe shi, amma shi yana da iyayen gida. Akwai William Graham, attajiri kuma ɗan majalisa mai wakiltar Glasgow, akwai Frederick Leyland mai jiragen ruwa a Liverpool. Waɗannan suka riƙa sayen aikinsa tun bai bushe ba. Ya sake zuwa Italiya a 1871 da 1873, ya ƙura wa aikin Michelangelo da Botticelli da Mantegna ido. Shekarun shirun nan su suka gyara masa hannu. Mutumin da a da a ke yi wa dariya wai bai iya zana gaɓoɓin ɗan Adam ba, ya fito ya zama gwani.

Cikin 1877 aka buɗe wani sabon gidan nuni a Landan mai suna Grosvenor, aka ba shi bango ya rataye zane takwas. Dare ɗaya sunansa ya cika gari. Wanda ya fi jan mutane shi ne hoton yadda aka yaudari Merlin. Matsafin ya ƙyalla ido a kan wata budurwa, Nimue, ya koya mata asirinsa, ita kuwa ta juya asirin a kansa. A zanen ga shi kwance cikin rassan wata itaciya mai fararen furanni, hannuwansa sun saki, idonsa a buɗe yana kallonta, ya san abin da ke faruwa amma ba ya iya motsi. Ita tana tsaye da littafin tsafi a hannu, ta waiwayo tana dubansa. Fuskarta ta Maria Zambaco ce. Ba sai an gaya wa mai kallo wane ne Merlin ba. Zanen nan yana gidan ajiya na Lady Lever kusa da Liverpool, wanda William Lever mai sabulun Sunlight ya gina, mutumin da kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja a 1920.

Shekara guda bayan haka ya shiga wani abin da bai so ba. Ruskin ya zagi zanen wani Ba'amurke, James Whistler, a rubuce, Whistler ya kai ƙara kotu. Burne-Jones, saboda tsohon alheri, ya tsaya shaida a ɓangaren Ruskin. Whistler ya ci shari'a, amma diyyar da aka yanka masa rubu'in kwabo ce, ko sisin kwabo ba ta kai ba.

Yadda ya ke aiki ma abin ji ne. Ba ya gama zane guda sa'an nan ya kama wani. Ya kan buɗe da yawa lokaci ɗaya, ya taɓa wannan yau, ya jingine shi shekara biyu, ya komo. Kafin ya zana hannu guda sai ya gwada shi da fensir sau da dama. In yana son sulke ko kambi, sai ya sa a ƙera masa samfurinsa ya ajiye a gabansa. Saboda haka masu ba shi aiki suka sha jira. Arthur Balfour ya ba shi aikin zana labarin Perseus, jarumin Girkawa, tun 1875. Balfour ya girma a siyasa, Burne-Jones ya mutu aikin bai ƙare ba. Wannan Balfour shi ne Firayim Minista a 1903, shekarar da sojan Lugard suka ci Kano da Sakkwato.

A 1884 ya fito da hoton Sarki Cophetua da yarinya mabaraciya. Tsohuwar waƙar Ingilishi ta ce wai sarki ne na Afirka da ba ya kula mata, sai ya hangi wata almajira ya kamu da sonta. Burne-Jones bai zana shi baƙar fata ba. Abin da ya dame shi shi ne inda kowa ya zauna. Yarinyar da tsummanta, ƙafa ba takalmi, ita ke sama a kan karaga, sarki kuwa yana ƙasa cikin sulke, ya cire kambinsa ya riƙe a cinya yana dubanta. Da aka kai zanen babban nunin Paris a 1889 Faransawa suka yi ta tururuwa, gwamnatinsu ta ba shi lambar girma.

Masu sukarsa ba su rasa abin faɗi ba, kuma ba duka ne ƙarya ba. Suka ce duk mutanensa fuska ɗaya gare su, maza da mata, dogaye, fari fat kamar marasa jini, ba mai dariya, ba mai gumi. Suka ce mutum ne da ya ga talauci da ƙazantar Birmingham ya rufe ido ya gudu cikin mafarki. Morris kansa ya ɗauki wata hanya. A 1883 ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu, ya riƙa tsayawa bakin titi yana wa ma'aikata lacca, abin da ya sosa wa abokinsa rai ƙwarai. A ganinmu dai gudun Burne-Jones ba na matsoraci ba ne. Ya yi imani cewa mummunan gari yana ɓata ran mazauninsa, kuma ɗan leburan masana'anta yana da hakkin ya ga abu mai kyau kamar yadda ɗan attajiri ke gani. Shi ya sa ya fi son aikin tagogi da na bango, inda kowa zai shiga ya kalla kyauta. Sai dai kash, manyan zane-zanensa ɗakunan cin abincin masu jiragen ruwa da masu banki suka tafi. Har dardumomin bango na labarin tsattsarkan ƙoƙo, waɗanda ya zana kamfanin Morris ya saƙa, na William Knox D'Arcy ne, attajirin ma'adinai wanda daga baya ya sami izinin haƙar mai a Iran.

Mutumin kuma ba haka ya ke kullum cikin jimami ba. Wasiƙunsa cike su ke da zanen ban dariya, ya kan zana Morris kamar tulu, shi kansa kuwa siriri kamar tsinke, gemu a barbaje.

A 1890 ya gama wani aiki da ya daɗe a kansa, zane huɗu na tatsuniyar 'yar sarkin da aka yi wa asiri ta yi barcin shekara ɗari. Na farko ga ɗan sarki ya shigo kurmin ƙaya, baraden da suka riga shi suna zube. Na biyu sarki da fadawansa na barci a majalisa. Na uku kuyangi sun kife a kan masaƙa da bakin rijiya. Na huɗu ga gimbiya a gado, kuma 'yarsa Margaret ce ya zana, wadda ta yi aure ta bar gida a 1888. Bai zana farkawar ba, ya tsai da labarin daidai kafin a tashe ta. Dillalan zane na Agnew suka biya fam 15,000, wani mai kuɗi Alexander Henderson ya saya ya kai gidansa na Buscot Park. Amma kafin nan an kai su Whitechapel, unguwar matalauta a gabashin Landan, inda dubban mutane suka kalla ba ko kwabo.

Girma ya yi ta zuwa masa. Oxford da ya bari ba digiri ta ba shi na girmamawa a 1881. Makarantar Zane ta Sarauta ta zaɓe shi a 1885, ya kai musu zane sau ɗaya tak, ya fita a 1893. A 1894 Gladstone ya sa aka ba shi sarautar Sir irin wadda ɗa ke gada. Matarsa da Morris ba su ji daɗin wannan ba, an ce saboda ɗansa Philip ya karɓa. Aikin ƙarshe da abokan biyu suka yi tare shi ne buga waƙoƙin Chaucer a maɗaba'ar Morris ta Kelmscott, da hotuna 87 na Burne-Jones. Littafin ya fito a 1896, ran 3 ga Oktoba na shekarar Morris ya rasu.

Saura zane guda. Tun 1881 wani abokinsa, George Howard, ya ba shi aikin zana barcin Arthur a Avalon don ɗakin karatunsa. Zanen ya yi ta girma a hannunsa har ya kai tsawon mita shida da rabi, tsayinsa kusan mita uku, sai da ya kama hayar wani ɗaki dabam dominsa. Da Howard ya ga yadda abin ya shiga ransa, sai ya sakar masa, ya ce ya riƙe abinsa. Daga nan ba mai jiran aikin, ba mai biya. Ga sarki miƙe a kan gado ƙarƙashin wata rumfa, kansa a cinyar wata sarauniya, mata na kaɗa molo a hankali, masu gadi na tsaye riƙe da dogayen ƙahoni suna jiran ranar da za a ce su busa. Bayan mutuwar Morris ya ƙara dulmuya cikinsa. A lokacin kuwa kasuwarsa ta soma sanyi, samari sun juya ga sabon salon Faransa mai zanen hasken rana da rayuwar yau da kullum, shi ma ya san haka. Yana kan wannan zane har ranar da ta rage masa kwana ɗaya a duniya. Ciwon zuciya ya kama shi da dare, ya rasu ran 17 ga Yuni, 1898, yana da shekara 64, zanen bai ƙare ba.

Aka binne tokarsa a cocin ƙauyen Rottingdean a bakin teku, inda ya ke da gida tun 1880. Aka kuma yi masa addu'a a Westminster Abbey, shi ne mai zane na farko da aka yi wa haka. Georgiana ta rubuta tarihinsa cikin littafi biyu da suka fito a 1904.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko sai aka daina ko ambatonsa, masana suka mai da aikinsa abin ba'a. Hoton Arthur ya yi shekaru a ajiye a gidan Tate. A 1963 aka kai shi gwanjo a Landan, Ingilishi ba su damu ba. Wani attajiri daga tsibirin Puerto Rico, Luis Ferré, wanda daga baya ya zama gwamnan tsibirin, ya saye shi a kan gini 1,600, watau fam 1,680, ya kai gidan ajiyar da ya kafa a garin Ponce. Wani babban nuni da aka yi a Landan a 1975 ya soma maido da sunansa. A 2008 sai da Tate ta ari hoton Arthur daga Ponce kafin mutanen Landan su sake ganinsa, a 2013 kuma aka sayar da wani zanensa guda na launin ruwa a gwanjon Christie's a kan sama da fam miliyan 14.